Ɓarnar ɓera a injin mota: wane tiyo ke karɓar faci, wanne ne sai an canza?

Hujin da ɓera ke yi a jikin tiyon mota wani lokaci bai fi ƙwayar dawa ba, amma yana iya kashe injin ɗungurungum, ko ya tada gobara a tsakiyar hanya. A garuruwan kasuwa irin su Gidimuni, inda motoci ke kwana gab da buhunan hatsi da kayan lambu, sanin tiyon da ake iya yi wa faci da wanda dole a canza shi ne ke raba asarar ƴan jikkuna da asarar ɗaruruwan jikkuna.

Garin kwari a bakin babbar hanya

Gidimuni na cikin gundumar Damagaram Takaya a jahar Damagaram, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa birnin Zinder da Mirya ta nufi Gure da Difa. Tsakaninsa da Zinder kilomita 60 ne da ƴan kai. An san garin da tafkinsa da ba ya ƙafewa, wanda aka sa cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019, da kuma lambunan da ke kewaye da shi, masu ba da dabino da rake da rogo da kayan miya.

Duk wannan amfani a mota yake barin gari. Akwai Hilux masu buɗaɗɗen baya, da ƙananan bas-bas na fasinja, da manyan motocin kaya, da ƴan ƙurƙura. Da yawa daga cikinsu suna yini kan hanya, su kwana a tasha ko ƙofar gida da ragowar gero da ɓawon gyaɗa da guntayen rake a bayansu. Wasu kuma daga ranar kasuwa sai wata ranar kasuwa suke motsawa. Mota mai ƙanshin abinci da ta kwana wuri guda gida ce ga ɓera, ko kusu kamar yadda ake kiransa a wurare da dama na ƙasar nan.

In tiyo ya fashe bayan an bar Gidimuni, babban gareji na gaba sai Zinder ta yamma, ko Gure ta gabas, mai nisan kusan kilomita 100. Tumatir da ganye ba sa jiran makanike. Wannan ne ke sa direba ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa, kuma a wannan lallaɓawar ce yawancin injuna ke mutuwa.

Me ya sa ɓera ke gaigayar roba?

Ɓera ba ya cin roba don ya ƙoshi. Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye. A babban ɓeran gida sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a kowane mako, wato sama da santimita 10 a shekara. Gaban haƙorin ya fi bayansa tauri, shi ya sa kullum bakinsa ke da kaifi kamar kurfi, kuma taurinsa ya fi na jan ƙarfen da ke cikin waya. Da haƙoran yake gwada duk abin da ya tarar, da su yake buɗe hanya, da su yake yago abin shimfiɗar sheƙa.

Abubuwa uku ke kai shi ƙarƙashin murfin injin. Na farko ɗumi: a darare na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, injin da aka kashe da magariba yakan riƙe zafi na awoyi. Na biyu mafaka, don akwai duhu da lunguna da kyanwa ba ta iya shiga. Na uku kayan sheƙa, wato soson da ke manne a cikin murfin injin, da takardar matacin iska, da zaren da ke naɗe da wayoyi. A lokacin bazara kuma, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ɗigon ruwa a bakin wani tiyo ya isa ya jawo shi. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta kafar da ba ta fi milimita 6 ko 7 ba, kaurin fensir ke nan.

Wane ɓera ne, kuma daga ina?

Masu bincike sun yi aiki sosai a kan ɓerayen Nijar. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda Madugu Garba na hukumar kare tsirrai ta ƙasa ya yi tare da masanan cibiyar IRD ta Faransa, ya nuna cewa a birnin Yamai ɓeran da ya cika gidajen jama'a shi ne na asalin Afirka da masana ke kira Mastomys natalensis. Macensa na da nonuwa har 24, tana ɗaukar ciki na kimanin makonni 3, kuma takan haifi ƴaƴa 10 ko fiye a haihuwa guda. Baƙin ɓera, Rattus rattus, da ƙaramin ɓeran Turai, Mus musculus, su kuma baƙi ne, an fi samunsu a kasuwanni da tashoshi da wuraren masana'antu.

Wani nazarin na 2016 a kudu maso yammacin ƙasar ya danganta yaɗuwar baƙin ɓera da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Benin da Togo da Najeriya. Ma'ana, ɓeran kansa fasinja ne: yana shiga mota a wani gari ya sauka a wani. Baƙin ɓera gwanin hawa ne, taya da ƙarfen ƙarƙashin mota tsani ne a wurinsa. Duk garin da ke bakin babbar hanya, mai kasuwa da ma'ajiyar hatsi, yana cikin wannan haɗari.

Matsalar ba ta Sahel kaɗai ba ce. A Jamus wata dabba mai kama da tunku ce ke cizon tiyo da waya, kuma ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar kan ƙirga sama da motoci 200,000 a shekara. A Turai da Amurka, motocin tsere da na ƙawa ma ɓeraye kan yi musu ɓarna, saboda masu su kan rufe su a gareji tsawon lokacin sanyi ba tare da an tada su ba. A 2016 wasu masu motoci a Amurka sun kai kamfanonin Toyota da Honda kotu, suna zargin cewa rigar wayoyin sababbin motoci, da aka haɗa da sinadarin waken suya, tana jawo ɓeraye. Kamfanonin sun musanta. Abin da kowane tsohon makanike ya sani shi ne ɓera na cin wayar mota tun kafin a fara irin wannan haɗi. Da motar tsere a Jamus da motar kasuwa a Gidimuni, dalilin ɗaya ne: mota ta tsaya wuri guda, ba mai leƙa injinta.

Alamun da direba zai lura da su

Kafin a tada mota da safe, buɗe murfin injin na minti ɗaya na iya nuna abubuwa da yawa. Akwai kashin ɓera, baƙi mai siffar ƙwayar shinkafa, a kan batir ko saman injin. Akwai ɓawon gyaɗa ko ƙwallon dabino a wurin da mutum bai ajiye su ba, da yagaggen soso ko tsumma da aka tara a lungu, da zarnin fitsari. A ƙasa kuma a duba ko akwai jiƙa: ruwan sanyaya injin na zuwa kore ko ja ko ruwan hoda, mai yana da warinsa, man birki kuma yana da santsi a hannu. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da dare na nuna daidai inda ɗigon yake.

Cizon ɓera ya bambanta da tsufan roba. Tsohon tiyo kan tsattsage ko ya kumbura, galibi kusa da bakinsa. Wurin da ɓera ya ci kuwa yana da layuka biyu-biyu a jere, sawun haƙora, kuma ba kasafai yake tsayawa a wuri guda ba. Makaniken da ya gano huji ɗaya ya tsaya a nan bai gama aiki ba. Sai ya bi kowane tiyo da kowace waya da yatsa da tocila, har ta ɓangaren da ido ba ya gani, ya kuma buɗe gidan matacin iska, don can ne ɓera ya fi yin sheƙa.

Tiyon ruwa: shi ne ke karɓar faci na wucin gadi

Injin mota na aiki da ruwa mai zafin digiri 85 zuwa 105. Ruwan na fita ta babban tiyon sama ya shiga lagireto, wanda wasu ke kira radiyata, ya huce, ya dawo ta tiyon ƙasa. Akwai kuma ƙananan tiyo da ke zuwa hitar cikin mota da tankin ajiyar ruwa. Makanikan Nijar kan kira waɗannan duriti. Murfin lagireto na riƙe matsi na kusan bar 1, wato kamar rabin iskar tayar ƙaramar mota, kuma wannan matsin ne ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

A nan ne ƙaramin huji ke zama babba. Injin na sanyi, hujin ba ya ko ɗiga. Da ya ɗauki zafi, matsi ya hau, sai ruwa ya riƙa tsartuwa, zaren da ke cikin robar da ɓera ya riga ya yanke ya saki, tiyon ya yage. Ruwan da ke cikin injin gaba ɗaya lita 5 zuwa 10 ne, ya danganta da girman motar, kuma yana iya ƙarewa cikin ƴan mintoci. Kan injin, wato kulas, a yawancin motocin yanzu na alminiyom ne; in ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da gangar injin ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar madara. In aka ci gaba, fistin ya cije.

Akwai wata yaudara da ya kamata direbobi su sani. In ruwa ya ƙare ƙaf, allurar zafi na iya sauka ƙasa, saboda na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma. Allurar da ta hau ja sannan ta faɗi da kanta ba alamar sauƙi ba ce. Alama ce ta a kashe mota nan take.

In abin ya faru a daji, ga yadda ake yi. A tsaya, a kashe injin, a jira aƙalla rabin awa. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, don tururin na sale fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin injin da ke ƙuna, don ƙarfen na iya tsagewa. In hujin na kusa da bakin tiyo, a yanke wurin da ya lalace, a sake cusa tiyon, a ɗaure da maɗaurinsa na ƙarfe, wanda ake kira koliye, muddin tsawon ya isa ba tare da an ja shi ba. In a tsakiya yake, a yanke shi biyu, a sa guntun bututun ƙarfe mai kauri daidai a ciki, a ɗaure kowane gefe da koliye. In babu ko ɗaya, a busar da wurin, a naɗe shi tamau da robar tif ɗin taya, a ɗaure. Sannan a sassauta murfin lagireto kaɗan don kada matsi ya taru, a tafi a hankali, ana tsayawa ana ƙara ruwa. Wannan facin na kai mota gari ne kawai, ba na ɗaukar kaya zuwa Difa ba ne.

Wasu kan zuba garin barkono ko ƙwai ko sabulu cikin lagireto wai don su toshe huji. A jikin roba mai motsi da numfashi ba sa kamawa, sai dai su je su toshe ƙananan hanyoyin lagireton, zafi ya ƙaru.

Gyara na gaskiya a gareji

Gyaran da zai daɗe shi ne sabon tiyo. A cire tsohon a tafi da shi wurin masu sayar da kayan gyara, a Zinder ko Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, don a samu mai kauri da lanƙwasa iri ɗaya. Miƙaƙƙen tiyo da aka tilasta wa lanƙwasa yakan karye ciki ya rage gudun ruwa. In na hannu za a saya, a matsa shi da yatsu: wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi kamar soso, ya gama aikinsa. Araha ba ta ado.

Kafin a sa sabo, a goge bakin bututun daga tsatsa da ragowar tsohuwar roba. A sa koliye a bayan ƙullutun da ke bakin bututu, ba a kansa ba, kuma kada a matse har ya yanki robar. Waya ba ta maye gurbin koliye, don tana cin roba kamar yadda ɓeran ya ci. Daga nan a cika ruwa a hankali, a buɗe hita, a bar injin na aiki har fanka ta tashi, don iskar da ta maƙale ta fita. Iskar da ta rage a ciki na sa injin zafi ko da babu huji. Garejin da ke da famfon gwada matsi zai iya tabbatar da babu sauran yoyo. In babu, a sake duba ruwa da koliye washegari da safe, injin na sanyi.

Irin ruwan da ake zubawa shi ma abin lura ne. A kwaruruwan gabashin Damagaram ruwan rijiya da na tafki kan zo da kanwa ko gishiri, waɗanda ke cin alminiyom su kuma daskare a cikin lagireto. In larura ta sa an zuba irinsa a hanya, a juye shi in an isa gari, a sa ruwan sanyaya injin na kanti. Tsohon ruwan kuma kada a bar shi a kwano ko a zubar inda awaki da kaji ke sha. Sinadarin da ke cikinsa yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda, ga dabba da yaro baki ɗaya.

Tiyon mai da na birki: babu faci

Tiyon mai da na ruwa ba roba ɗaya ba ce. Robar tiyon ruwa na jure zafi, amma in fetur ko gazuwal ya taɓa ta sai ta kumbura ta ruɓe. Tiyon ban ruwa na lambu, ko farin tiyon nan da ake ganin cikinsa, shi kuma yakan bushe ya tsage. Dole a nemi wanda aka yi don mai, kuma galibi an rubuta hakan a jikinsa. A tsofaffin motoci masu kafireto matsin mai kaɗan ne, amma a masu injekta yakan kai bar 3 ko fiye, ya fi iskar taya. Huji a irin wannan tiyo feshi yake yi, kuma ƙarfen da hayaƙi ke fita ta cikinsa a gefen injin zafinsa kan wuce digiri 400. In ana jin warin fetur a ƙarƙashin murfi, ba a tada mota, ba a kunna taba, sai an cire kan batir an canza tiyon daga baki zuwa baki.

A motocin gazuwal, ɓera ya fi cin ƙananan tiyon da ke mayar da ragowar mai daga injekta zuwa tanki, da wanda ke tsakanin tanki da mataci. Alamarsa mota ta ƙi tashi da safe ko ta riƙa mutuwa, saboda iska na shiga layin mai. Waɗannan ba su da tsada, a canza su duka lokaci guda. Bututun ƙarfe na injekta a sababbin injuna kuwa suna ɗauke da matsin da ya haura bar 1,500, ba a taɓa yoyonsu da hannu injin na aiki, don man na iya huda fata.

Birki na da tiyo iri biyu da ɓera kan samu. Akwai na man birki a kusa da kowace taya, wanda matsinsa kan kai bar 80 ko fiye in an taka da ƙarfi. Ko rigarsa ta waje kawai aka gaigaya, sai a canza shi, a kuma fitar da iska daga layin. Akwai kuma tiyon iska mai kauri da ke zuwa baƙar gangar da ke bayan fedar birki, wadda ke taimaka wa ƙafar direba. In ya huje, feda kan yi tauri kamar dutse, mota mai kaya ta ƙi tsayawa a inda aka saba. Duk direban da ya ji birkinsa ya canza da safe, ya tsaya ya duba kafin ya ɗauki fasinja.

Sauran tiyon iska na da tasu ɓarnar ta a hankali. Huji a babban tiyon da ke tsakanin matacin iska da injin na barin ƙura ta shiga kai tsaye, kuma ƙurar hunturu na cin cikin silinda kamar takardar yashi, har injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. A motoci masu turbo, hujin na zuwa da shewa da raguwar ƙarfi da baƙin hayaƙi. Ana iya naɗe wurin don a isa gari, amma shi ma canji yake so.

Wayoyin lantarki

Da wuya ɓeran da ya ci tiyo ya ƙyale waya. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na baƙar waya. Murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatif shi ne gyaran da aka fi gani, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, don zafin injin na narkar da gam ɗin, girgizar hanya ta kwance murɗin. A yanke wurin da aka ci, a sa guntuwar waya mai kauri iri ɗaya, a haɗa da dalma ko da maɗaurin matsewa, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, sannan a mayar da ita cikin rigarta nesa da wurin zafi.

In fis ya ƙone, yana faɗin cewa akwai waya tsirara da ke taɓa ƙarfe. Cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa na mayar da wayoyin motar su zama fis ɗin, kuma daga nan gobara ke tashi. Wayoyi masu riga rawaya na jakar iskar kariya ne, masu ruwan lemo a motoci masu haɗin batir da mai kuma na ɗauke da wuta mai kisa. Waɗannan aikin ƙwararre ne. In fitilar injin ta ci gaba da ci a allon gaban direba bayan gyara, na'urar kwamfuta ta gwajin mota ce za ta nuna layin da ya rage.

Injin ban ruwa ma bai tsira ba

Ga masu lambu a bakin tafki, ɓarnar ta fi zuwa ta injin ban ruwa da aka ajiye a ɗaki bayan aikin rani. Huji a tiyon da ke tura ruwa zuwa fangali asarar ruwa ce kawai, ana iya ɗaure shi a ci gaba. Huji a tiyon da ke zuƙo ruwa kuwa na hana injin kama ruwa sam, don iska yake ja, kuma in aka bar shi yana juyawa a bushe, abin da ke hana yoyo a cikin famfon ya ƙone. Kafin a ce famfo ya mutu, a fara cika tiyon zuƙa da ruwa a ga inda yake zuba. Naɗe tiyo a rataye shi sama, nesa da buhunan iri, da juye man da ke tanki kafin ajiya, na rage wahalar farkon kaka.

Lafiyar mai gyara

Sheƙar ɓera ba shara ce kawai ba. Mastomys natalensis shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa na jahar Borno, kuma yake ɓulla kowace shekara a Najeriya, musamman lokacin rani. Wani bincike na 2015 ya kuma gano ƙwayar cutar leptospira a jikin ɓerayen lambunan Yamai, cutar da ke shiga jiki ta rauni in an taɓa fitsarinsu. Yaran gareji da ake sa su kwashe sheƙa da hannu tsirara, ko su hure ta da injin iska, su ne suka fi fuskantar haɗari. A sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa kashin da sheƙar da ruwan jabel, kashi 1 cikin 10 na ruwa, a jira minti 5, a kwashe cikin leda a binne ko a ƙone. A kiyaye kada jabel ya shiga mahaɗan waya, a kuma goge ƙarfen da ya taɓa da ruwa. Daga ƙarshe a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Wanke wurin na da wani amfanin: ɓera na bin warin fitsarin ɗan'uwansa ya dawo.

Yadda za a hana shi dawowa

Hausawa na cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sabon tiyo a motar da har yanzu ke kwana da ragowar gero a jikin rumbu, kwanansa ƙirgaggu ne. Matakin farko share mota kowace yamma, ciki da baya, har ƙarƙashin kujeru. Na biyu canza wurin kwana: fili mai haske, nesa da juji da tarin kara da ɗakin ajiyar hatsi. Na uku, inda akwai tsaro, a bar murfin injin a buɗe da dare don ya huce ya kuma rasa duhunsa. Motar da ba ta aiki kullum a riƙa tada ta ana gusar da ita kowane kwana biyu ko uku.

Ana iya rufe bakin hanyar iska da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu da ba su wuce milimita 6 ba, a kuma sa manyan wayoyi cikin riga mai tauri. Kamfanin Honda na sayar da wani salatif da aka haɗa da sinadarin yajin barkono don naɗe waya. Barbaɗa barkono ko shafa mai mai ƙarfin ƙanshi na aiki na ƴan kwanaki ne, zafi da iska su tafi da shi. Na'urorin da ke fitar da ƙara don korar ɓera kuma, ɓeran kan saba da su. Tarko a gindin tayoyi da jikin bango, da ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, ya fi su tabbas. Kyanwa na taimakawa, sai dai ita ma tana son ɗumin injin a hunturu, don haka a bubbuga murfi kafin a murɗa makulli.

Guba ce ta fi kowanne haɗari. Ɓeran da ya ci yakan koma ya mutu cikin hanyar iskar mota, wari ya hana zama, kaza ko kyanwar da ta ci mushensa ita ma ta bi shi. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan hatsi don kashe ƙwari tana fitar da iska mai kashe mutum a rufaffen wuri, bai kamata ta shiga mota ko ɗakin kwana ba ko kaɗan. In ɓeraye sun yi yawa a tasha ko kasuwa, aikin ya wuce na mutum ɗaya: sai ƙungiyar direbobi da ƴan kasuwa da ma'aikatar magajin gari sun haɗa kai wajen kwashe shara da gyara ma'ajiya, tare da neman shawarar jami'an kare tsirrai na gunduma.

Direban da ke bin hanyar Zinder zuwa Gure ba zai yi asara ba in ya ajiye koliye huɗu, da guntun bututun ƙarfe, da robar tif, da fis na ajiya, da jarkar ruwa mai tsabta lita 10, da abin kashe gobara. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na janyo mota daga daji sau ɗaya ba.